Yadda Za Ka Je Gasar Futsal Cikin Rigar Mai Bandar Kifi

Kai mai tumbi, matso kusa. Eh, kai nake nufi, wanda in ya hau bene hawa ɗaya sai ya tsaya ya yi kamar yana duba waya. Kana so ka hau jirgin sama, ka kwana a otal mai kallon teku, a rataya maka kati a wuya an rubuta ɗan wasa? Kana so ka wakilci ƙasarka a gasar zakarun ƙungiyoyin futsal, alhali rabonka da taɓa ƙwallo tun kana firamare? To kwantar da hankalinka. Bi waɗannan matakai bi da bi, na yi maka alkawari sai ka je. Ba ji na yi a bakin wani ba. Ni Dawuda, sakataren ƙungiyar Dorinar Binuwai ta nan Garwa, da ƙafata na je, da shekaruna arba'in da bakwai da hawan jinina, kuma hotona yana wayar kowa a garin nan.

Kayan aikin ba su da yawa: biro, hatimi, aljihun tebur mai makulli, da fuskar da ba ta nuna komai. Kunya kuwa ka bar ta a gida, auna kaya ake yi a filin jirgi.

Mataki na 1: Nemo ƙungiyar da wasu suka gama shan wahalarta

Kada ka kuskura ka kafa ƙungiya da kanka. Wannan aikin marasa wayo ne.

In ba ka san futsal ba, kada ka damu, shugabanmu ma bai sani ba. Ƙwallon ƙafa ce ta mutum biyar-biyar, a ɗan fili kamar na ƙwallon hannu, da wata ƙaramar ƙwallo mai nauyi da ba ta tsalle. Iyakar abin da kake buƙata ke nan.

Tamu ƙungiyar, wani malamin motsa jiki ne mai suna Roger ya kafa ta. Shekara shida yana tara samari a kan simintin wata makaranta, da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da simintin Garwa ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Cikinsu akwai Maxime, mai bandar kifi a Lagdo. Sau uku a mako yake hawowa bayan motar kifi, ya zauna kan kwanduna har Garwa, ya buga, ya koma. Ƙaurin hayaƙi kan riga shi shigowa fili. Shi ke tsayawa a gaba, ya juya wa raga baya, ya taka ƙwallo da tafin ƙafa, ƙato biyu na tura shi yana nan kamar an dasa, sai ya juya, sai kawai ka ji raga ta motsa. A wasan ƙarshe na ƙasa a Yawunde shi ya ci uku, aka ɗauko kofi, kofin kuma ya jawo takardar gayyata zuwa gasar ƙasashen waje.

To ranar da kofi ya iso gari, ran nan ne za ka bayyana. Sa babbar riga, ka shiga tsakiyar hoto, ka ɗora hannu ɗaya kan kofin. In wani ya tambaya kai wane ne, ka ce, "Ai tun farko muna tare da yaran nan, ta bayan fage."

Mataki na 2: Ka zama sakatare

Kowace ƙungiya da ta ci kofi sai ta haifi shugaba. Namu Alhaji Abdulbaƙi ne, mai shagunan yadi a babbar kasuwa. Ya ɗinka wa 'yan wasa riguna masu kyau, aka buga sunan kowa a baya, daga ranar ya zama shugaba, yara suna ce masa Firezi. Bai taɓa kallon wasa daga farko har ƙarshe ba. Yakan zo ana saura minti biyu, direba na riƙe masa da lema.

Kada ka nemi kujerarsa, akwai kashe kuɗi. Ka nemi ta kusa da shi. Sakatare ba ya gudu, ba ya gumi, ba ya ɗinka wa kowa riga. Amma duk takardar da za ta fita sai ta bi ta hannunsa.

Aikinka na farko, ka tattara fasfon kowa, ka ce don tsaro.

Maxime ya kawo nasa ranar wata Laraba, sabo fil, naɗe cikin leda, ledar kuma cikin wata ledar. Ya goge hannu a wando kafin ya ciro shi.

"Sakatare, ga shi. Don Allah ka riƙe min da kyau. Ban taɓa mallakar irinsa ba."

"Haba Maxime, kamar yana hannunka."

Ka koyi wannan amsa, za ta yi maka amfani. Ka kuma san abin da kake riƙe da shi. Wani kocin babbar ƙungiya a ƙasar waje ya ga bidiyon wasan Yawunde, ya aiko wa Roger saƙo cewa zai zo gasar musamman don ya ga lamba tara, wato Maxime, da idonsa. Shekarar Maxime talatin da ɗaya. A waɗannan shekarun ba a aiko wa mutum irin wannan saƙo sau biyu. Duk wannan na cikin ledar, ledar kuma tana aljihun teburinka, makulli yana aljihunka.

Mataki na 3: Ka koyi lissafin Firezi

Takardar gayyata ta ce 'yan wasa goma sha huɗu da jami'ai uku, jirgi da otal duk a kan masu gasa. Birnin kuwa wani ne can Arewacin Afirka a bakin teku, wanda ya yi suna wajen jallabiya da takalmin fata da turare. Wallahi kasuwa ta riga 'yan wasa jin labari. Kafin la'asar shagon Alhaji ya cika da masoya futsal. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi ma ya zo yana cewa shi a da mai tsaron baya ne.

Alhaji ya kira ni da Roger, ya sa aka rufe ƙofa.

"Koci, mutum nawa ke shiga fili?"

"Biyar, Firezi."

"To sha huɗun na mene ne? Taron suna za mu?"

Roger ya cire hula ya riƙe. "Firezi, canji ake yi ba iyaka. Wannan ya fita, wancan ya shiga, duk bayan minti uku ko huɗu. Kuma a can agogo tsayawa yake duk lokacin da ƙwallo ta fita. Minti arba'in na takarda, a jiki ya kusa awa ɗaya da rabi. Ba mahaluƙin da zai yi wannan gudun ba hutu."

"Ni duk hoton da na gani biyar ne, kuma ba wanda ya mutu. Yaran Garwa ne fa, a zafin Afrilu suke bugawa. Can kuma an ce har da na'urar sanyi."

Roger ya roƙa, ya yi Faransanci, ya koma Fulatanci, ya dawo Hausa. Da ƙyar ya samu shida, cikin shidan ma ɗaya Ziyad ne, ɗan Alhaji, wanda ke buga gurbi ɗaya da Maxime, in dai tsayawa da gyaran gashi bugawa ne. Sauran takwas na mutanen kasuwa.

Kai a nan naka shiru. In Firezi ya dube ka, ka gyaɗa kai a hankali ka ce, "Gaskiya lissafin ya fita." Mutumin da ke ɗinka riguna ba ya kuskuren lissafi, wannan ilimi ne da ba a koyarwa a makaranta.

Mataki na 4: Rubuta lis ɗin sunaye biyu

Ɗaya ta nunawa, ɗaya ta aikawa. Ta nunawa kana iya liƙa ta a bango.

Yanzu ka ƙirga da kyau, don nan mutane da yawa ke faɗuwa. Jami'ai uku: Firezi, Roger, sai Hajiya Ramatu, yayar Alhaji, dillaliyar atamfa, wadda aka rubuta a matsayin likitar ƙungiya saboda ta taɓa jinyar mijinta. 'Yan wasa: shida da takwas, sha huɗu cif. Ina sakatare? Babu. Ni da na buga hatimi a kowace takarda, ni za a bari ina ɗaga wa mota hannu? Ina!

Na je na samu Alhaji yana auna wa wata mata yadi. Bai ko ɗago ba.

"Sakatare, biro a hannun wa yake? Kada dai ka taɓa min Ziyad, kada ka taɓa min mutanen kasuwa."

Saura biyar ke nan da za ka zaɓa a ciki. Wilfried mai tsaron gida ne, in ka cire shi kai za a sa a raga, kuma ƙwallon nan tana da nauyi. Cédric kawunsa na aiki a ofishin gwamnati. François maƙwabcinka ne, uwarsa ta san ƙofar gidanka. Hamadu ƙanin direban Alhaji ne. Sai Maxime. Gidansu can kan duwatsu, shi yana Lagdo cikin hayaƙi, wayarsa rabin yini ba ta shiga, kuma duk Garwa ba mai babbar rigar da zai zo ya tsaya masa.

Ka riƙe wannan da kyau, shi ne zuciyar darasin: ba wanda bai iya ba ake cirewa, wanda ba shi da kowa ake cirewa.

Na goge layi na tara, na rubuta Dawuda. Na buga hatimi, na je na ci abincin rana.

Mataki na 5: Kada ka faɗa masa

Marasa ƙwarewa kan kira mutum su ba shi haƙuri. Kuskure ne babba. In ka faɗa masa zai je wurin koci, koci zai tayar da jijiyar wuya, magana ta kai rediyo. Bar shi ya yi ta atisaye. Kai ma ka riƙa zuwa kana tafa masa.

Da mota za mu je Ngawundare mu kama jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Sai na kira shi na ce, "Maxime, kada ka wahalar da kanka zuwa Garwa. Fito daga Lagdo ka jira mu a Ngong, bakin titi, ƙarfe tara na safe. Fasfo da riga suna wurina." Har godiya ya yi min, wai na rage masa hanya.

Ka zaɓi kujerar da ba ta ɓangaren da zai tsaya. Ni na yi sakaci na zauna ta taga, ta ɓangarensa, don haka na gani. Yana tsaye cikin wankakkiyar riga, ya yi aski, jaka a kafaɗa. Matarsa Simone na gefensa da babban kwando an rufe da takarda, kifi ne ta zaɓo mana manya-manya na guzuri. Bayansu masu banda kusan goma sun rufe aiki sun rako shi. Da suka hango motarmu da tuta, sai suka hau tsalle suna ɗaga hannu.

Alhaji ya taɓa kafaɗar direba. "Taka."

Direba ya taka. Na ga Maxime ya biyo mu da gudu yana dariya, ya ɗauka wasa ne, ko wurin tsayawa muke nema. Gudu yake da jakar tana dukan bayansa, kuma don Allah ka ga gudu, duk cikin motar nan ba mai rabinsa. Can ya rage. Can ya tsaya a tsakiyar titi.

Roger ya miƙe har kansa ya bugi rufin mota. "Tsaya! Direba, tsaya! Maxime ne!"

"Zauna, koci," in ji Alhaji. "Takardunsa ba su fito ba. Tambayi sakatare."

Duk motar ta juyo. A nan fuskar nan da na ce ka tanada za ta yi aiki. Ka buɗe hannu biyu, ka ce, "Daga can ne, wajen masu gasa. Mun yi iya ƙoƙarinmu." Sannan ka kashe waya. Tawa ta yi ƙara sau goma sha ɗaya kafin in tuna.

Roger bai sake yi min magana ba har muka je muka dawo. Hutu ne, ka ɗauke shi a matsayin riba.

Mataki na 6: Koyi zaman benci

Ga abin da ba wanda ya gaya wa mutanen kasuwa: duk wanda aka rubuta ɗan wasa, dole ya sa kayan wasa ya zauna a benci, gaban kyamara. Sun zaci za su sauke jaka su wuce kasuwa.

Tirƙashi! Ka ga Alhazai takwas cikin gajeren wando. Gwiwoyin da rana ba ta gani ba tun auren fari. Wani yana ta jan wandon ƙasa, in ya rufe gwiwa cibiya ta fito. Alƙalin wasa ya bi layi yana dubawa, ya ce a cire zobba, a cire agogo, a sa makarin ƙwauri. Wani dattijo mai sayar da turare zobensa na azurfa ya ƙi fita, shekara ashirin yana yatsa, sai da aka kai shi bayi da sabulu.

Sai matsalar riguna. Sunayen 'yan wasa na ainihi ke baya, Alhaji kuma ya ce shi ba zai ɗinka wasu ba. Nan likitarmu ta yi aikinta na farko kuma na ƙarshe a gasar: ta buɗe akwatin magani, ta ciro farar filasta, ta liƙe sunayen, muka rubuta namu da alƙalami. Ni lamba tara ta faɗo min. Ta matse ni a ciki, ta yi min yawa a kafaɗa.

Mataki na 7: Tanadi amsa, kuma ka cika ta

Za a tambaya. Ana saura rabin awa a fara wasa, wani mutum mai furfura ya tare ni a baranda, da takarda a hannu. Ya dubi lambar da ke ƙirjina, ya dubi tumbina, ya tambaya da Faransanci, cikin ladabi, ina Maxime. Kocin nan ne da ya aiko wa Roger saƙo. Ya ce tafiyar awa huɗu ya yi a jirgi.

Kada ka ce takardu, irin waɗannan sun san kan takardu, sai ya ce zai aika masa da gayyata da kansa, asiri ya tonu. Ka ba da amsar da ke rufe magana.

Na sunkuyar da kai na ce, "Gwiwa. Ta tashi aiki. Likita ya ce shi da ƙwallo har abada."

Mutumin ya ce kaico, ya ce ya daɗe bai ga mai juyi irin nasa ba, ya ce in gaishe shi. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Na ce zai ji.

Mataki na 8: In aka ce ka shiga, ka tuna ba ni na aike ka ba

Filin katako ne, sumul, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Minti shida na farko yaranmu suka ba kowa mamaki. Cédric ya ci ɗaya. Alhaji ya juyo ya dubi Roger. "Ka gani? Biyar."

Sai na lura da abu biyu. Na ɗaya, agogon bango ba ya tafiya. Ƙwallo ta fita, ya tsaya. An yi laifi, ya tsaya. Na duba sau uku, yana nan kan sha uku da wani abu kamar ya lalace. Na biyu, abokan karawarmu huɗu za su fita a guje, wasu huɗu su shigo a guje, sababbi, ko gumi babu. Namu kuwa su ne dai, su ne dai.

Ziyad ya fara. Ya dafa gwiwa, ya yi amai a gefen layi, ya fita da rarrafe. Roger ya juyo benci: "Canji! Wa zai shiga?" Alhazai takwas suka ɗaga kai suna nazarin rufin ɗakin, wani har yana cewa ƙarfen nan ba irin namu ba ne. Muka ci gaba da huɗu. Kafin hutu an zuba mana bakwai.

Bayan hutu jijiyar François ta ɗaure, ya faɗi yana ihu. Hajiya Ramatu ta ruga da man zafi da turare. Saura uku. Alƙali ya zo bakin layi ya gaya wa Roger cewa doka ce, in suka gaza uku a fili wasa ya mutu, kuma za a rubuta cewa ƙungiya ta gudu. Ko minti biyu ba a yi ba Hamadu ya fara ɗingishi yana ɗaga hannu.

Alhaji ya ji kalmar "gudu", ya tuna ana nuna wasan a waya har kasuwar Garwa. Ya bi benci da ido.

"Sakatare, kai ne ƙaraminsu. Tashi."

"Firezi, hawan jini..."

"Lamba tara ce a jikinka ko ba ita ba?"

Na shiga. Ƙwallo ta fita ta gefe, aka ce tamu ce. Na ruga, na ɗauke ta da hannu biyu, na ɗaga sama da kai zan yi jifa, yadda na sani tun firamare. A futsal da ƙafa ake shigo da ita. Shekara guda ina sakataren ƙungiyar futsal ban sani ba, don ni ma ina zuwa ne tare da Firezi. Alƙali ya busa, ɗakin gaba ɗaya ya fashe da dariya, har abokan karawar.

Sai Wilfried ya turo min ƙwallo a ƙasa. Na ce bari in yi irin ta mai rigar: in taka, in juya. Na taka. Ƙwallo ta yi gabas, ni na yi yamma, na zo ƙasa rub da ciki, haɓata ta daki katako. Suka ɗauka suka ci. Ina nan kwance ina neman numfashi, gumi ya gama jiƙa filastar Hajiya, ta saki ta faɗo. Kyamara ta matso ta tsaya a bayana. A babban allon ɗakin, da manyan baƙaƙe, kowa ya karanta: MAXIME, 9.

Daƙiƙa hamsin da biyu na yi a fili. An tashi sha tara da ɗaya. Sauran wasanni biyun kada ka tambaya.

Mataki na 9: Dawo da kai a sama

Ka sauka da manyan jakunkuna. A rediyo ka ce an samu gogewa, ka ce alƙalai sun nuna bambanci, ka ce sanyin na'ura ne ya kama yara. Alhaji ya ƙara da cewa abincinsu ba yaji. Mutanen kasuwa sun sayar da jallabiyoyinsu kaf kafin sallah, har suna tambaya yaushe ne gasa ta gaba.

Bidiyon kuwa ya riga mu isowa. Daga Kusiri har Duwala ana tura shi, an sa masa kiɗa, an rubuta a ƙasa: Maxime, gwanin Garwa. Mutanen Lagdo sun san ba shi ba ne. Sauran duniya ba ta sani ba, kuma ba aikinka ba ne ka gyara mata.

Mataki na 10: Mayar da fasfo

Wannan ne mataki na ƙarshe, kuma shawarata ka aika wani. Ni na yi ta ɗagawa har ya zo da kansa.

Da hantsi ne, ina ofis. Ƙaurin hayaƙi na fara ji. Na ɗago, ga shi a bakin ƙofa cikin kayan aiki. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari, na ma matsar da kujera kusa da taga. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya.

"Sakatare, na zo karɓar ajiyata."

Na buɗe aljihun tebur na miƙa masa. Yana nan cikin ledojinsa biyu. Ya ciro, ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har na ƙarshe. Duk farare.

"Ka riƙe shi da kyau kam," in ji shi.

Na fara, "Maxime, ka san abin daga can ne..."

"Wilfried ya gaya min komai. Har maganar gwiwa." Ya dubi gwiwarsa, ya ɗan lanƙwasa ta, ya miƙe ta. "Ba wannan ya kawo ni ba. Abu ɗaya nake so in tambaye ka, tunda kai ka taka. Katakon nan. An ce in ka taka ƙwallo ka juya a kansa, takalmi har wata 'yar ƙara yake yi, kuma ba ya cin gwiwa kamar siminti. Shekara shida ina so in ji. Yaya yake a ƙafa?"

Na buɗe baki. Ni da ke da amsar koci, da amsar rediyo, da amsar mai furfura. Na nema, na nema. Abin da na sani game da katakon nan shi ne yana da sanyi a kumatu.

Ya jira ni har ya gaji. Sannan ya mayar da fasfo cikin leda, ledar cikin leda, ya ce motar kifi za ta tashi, ya fita. Bai sake zuwa atisaye ba. Roger ma ya bar ƙungiya. An ce Ziyad ne kyaftin yanzu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin za ka je, kuma za ka je. Abin da ya biyo baya ba ruwansa. Ba shi da alhakin haɓar da ta fashe, ko wandon da ya yage, ko yaran unguwa da za su riƙa ɗaga hannu biyu sama da kai duk lokacin da ka wuce. Ba ya karɓar ƙorafi daga koci, ko matan masu banda, ko duk wanda aka bari tsaye a Ngong. In ka dawo ka tarar da wata riga mai lamba tara a ƙasan akwatinka, ka kasa sa ta, ka kasa yar da ita, ka kasa kai wa mai ita, matsalarka ce, kada ka zo min da ita, ina da tawa. In kuma uwargida ta sa kifi banda a miya ka ji loma ta tsaya maka a wuya, ka ce mata ƙaya ce. Ni wata bakwai ke nan ina faɗa mata haka.